Ɗorin da Ba a Gani

A Aliero in ƙashi ya karye, an san ƙofar da ake bugawa.
Kakana mai ɗori ne: karan dawa, tsumma, man shanu,
ya ja ƙafa, mutum ya kurma ihu,
kwana arba'in ya taka ƙasa.
Ni abin da nake ɗorawa ba ya fita a hoton asibiti.

Ɗaki biyu muke haya a bayan kasuwar albasa,
gado shida, ɗaya bulo ne ƙafarsa.
Jiya takarda ta iso daga Birnin Kebbi:
gwamnati ta ware tallafi
ga masu jinyar 'yan ƙwaya da mashaya,
a cike shafi goma sha ɗaya kafin Alhamis.

Na zauna da biro. Fitila na gyangyaɗi.

Mutum nawa kuka karɓa bana?
Wannan ba wuya. Sittin da uku.
Mutum nawa suka warke?
Gurbin amsar bai kai faɗin farcena ba.

Ina zan cusa Nomau a nan?
Ɗan ban-ruwa ne, ya fara tiramol
don ya kai asuba yana jan tiyo a fadama.
Ɗaya, sai biyu, sai kati guda kafin hantsi.
Sau uku ya fita ƙofar nan da wankakkiyar riga,
sau uku uwarsa ta maido shi a amalanke.
Yanzu wata biyar bakinsa bai taɓa ba.
Na tambaye shi, ya sosa ƙeya:
"Malam Labbo, kar ka rubuta tukuna."

Ige fa? Bayan isha take zuwa, ta ƙofar baya.
Kwalaben maganin tari ashirin da bakwai
ta kawo mana a kwandon wanki, babu ɗigo a ciki.
Takarda na son suna da lambar katin ɗan ƙasa.
Ita ko inuwarta ba ta yarda a gani ba.

Jaɓɓi direba, da giya ta ƙwace wa sitiyari,
shi ke dafa mana shinkafa yanzu.
Hannunsa na rawa, rabin gishiri a ƙasa yake ƙarewa,
amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba.
Babu layin da ya tambayi wannan.

Shafi na tara: Me za ku yi da kuɗin?
Zan biya Shafa'atu, in ta yarda ta dawo.
Bara an ce da rani kuɗi za su sauka,
sai da gero ya yi kai muka ga rabinsu.
Wata huɗu tana ɗaura ruwa ba albashi,
ta tafi Jega tsaron kemis, tana kuka, ina ba ta gaskiya.
Allon da aka kafa mana a bakin titi
ya fi ɗakin maganinmu cika ido.

Ban raina ba. Da babu gara ba daɗi.
Da rabin nan muka sayi katifa huɗu,
muka riƙe yaro guda da dare ya so ya haɗiye.

Sai dai tallafin wata goma sha biyu ne,
kakana kuwa cewa yake ƙashi bai san kalanda ba:
ka kwance kara kafin lokaci,
ƙafa ta haɗe a karkace,
gobe a dawo maka da ita, sai ka sake karyawa.

Na rubuta ashirin da ɗaya.
Ban sa Nomau ba, alkawari ne.

Alhamis da sassafe na shiga motar Birni,
ambulan a ƙirjina, duk warin albasa.
Ta taga na hango shi bakin rijiya,
yana ja wa sabon yaron da aka kawo daren jiya
ruwan wanka.